Idan kalsiyam ne ke sakin saƙo a ƙwaƙwalwa, me ya sa raunin ƙofarsa ke kawo farfaɗiya?

Ummi_Aji3: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun da muka shiga darasin jijiyoyi. An koya mana cewa idan bugun lantarki ya iso bakin ƙwayar jijiya, ƙofofin kalsiyam ne ke buɗewa, kalsiyam ya kwararo ciki, sannan 'yan jakunkunan da ke ɗauke da sinadarin saƙo su manne da bango su zazzage a mahaɗa. Ba kalsiyam, ba saƙo. To a tunanina duk abin da ya rage aikin waɗannan ƙofofi kwantar da ƙwaƙwalwa zai yi. Amma ga shi yaran da aka haifa da tawaya a ƙwayar gado CACNA1A, wadda ke gina ƙofar P/Q, da dama daga cikinsu farfaɗiya suke yi. Ƙofa ta yi rauni, saƙo ya ragu, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara tashi. Ta yaya?

Bello_Kurna: Wa alaikumus salam. Ai ba kowane saƙo ne na zuga ba. Cikin sinadaran saƙo, gulutamet ne ke zuga, GABA kuma dannewa yake yi. Shi ma GABA sai kalsiyam ya shiga ake sakinsa. Idan masu dannewa suka yi shiru, masu zuga sun samu fili.

Ummi_Aji3: Malam Bello, wannan na sani. Amma ƙofar P/Q tana bakin masu gulutamet ma. Idan an rage wa kowa ƙarfi daidai wa daida, ai canjaras aka yi. Me ya sa ɓangaren GABA ne zai fi jin jiki?

Dakta_Sambo: Ummi, tambayarki ta biyu ita ce tambayar. Ba daidai wa daida ake rage musu ba, domin ba ƙofa iri ɗaya suke dogara da ita ba.

A bakin jijiya manyan ƙofofin da ke sakin saƙo uku ne: P/Q wadda ake rubutawa Cav2.1, da N wato Cav2.2, da R wato Cav2.3. Yawancin mahaɗun gulutamet gauraya suke yi, akwai P/Q, akwai N, wani wurin har da R. Idan ɗaya ta gaza sauran na rufa asiri. Masu GABA kuwa da yawansu sun zaɓi gefe. A hifokamfus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, akwai ƙwayoyin GABA iri biyu da ke nannaɗe jikin manyan ƙwayoyin zuga. Masu ɗauke da furotin PV kusan da P/Q kaɗai suke sakin GABA. Masu ɗauke da sinadarin CCK kuma da N suke aiki. Masu PV ɗin nan su ne masu saurin bugu, su ne ke taka wa taron ƙwayoyi burki kafin tashin ya bazu.

A 2013 Elsa Rossignol da abokan aikinta sun cire P/Q daga ƙwayoyin GABA na ɓawon ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ɓerayen suka kamu da farfaɗiya mai tsanani. Da aka auna, sai aka ga masu PV ne sakinsu ya lalace, masu somatostatin kuwa, wani rukunin ƙwayoyin GABA, sun ci gaba da aikinsu. Wani abin da zai yi miki daɗi shi ne, da suka cire ƙofar daga masu zuga su ma a lokaci guda, tsananin farfaɗiyar ya ragu. Kenan lissafinki na canjaras yana da tushe.

Hauwa_Famasi: Dakta, bari in shigo da abin da nake gani a kanta kullum. Mutane nawa ke shan amlodipine da nifedipine don hawan jini? Su ma masu toshe ƙofar kalsiyam ne. Wata ɗaliba ta taɓa tambayata me ya sa ba sa tsayar da saƙon ƙwaƙwalwa. Amsar ita ce ƙofar L suke toshewa, wato Cav1, wadda ta fi aiki a tsokar hanyoyin jini da zuciya. Akwai L a ƙwaƙwalwa, amma ta fi zama a jikin ƙwaya da rassanta masu karɓa, ba a bakin da ke sakin GABA ba.

Sani_Zariya: To pregabalin fa? Ai sunansa ma ya nuna GABA yake ƙarawa.

Hauwa_Famasi: A'a Sani, ko kusa. Gabapentin da pregabalin ba sa zama a kan makarɓar GABA. Wani ɓangare na ƙofar kalsiyam suke kamawa, ana ce masa alfa-2-delta, wanda ke taimaka wa ƙofar ta isa bakin jijiya ta zauna. An gano haka game da gabapentin a 1996. Shi ya sa ake ba masu ciwon suga da ƙafafunsu ke zugi da daddare. Kuma tunda maganar ta zo, ina roƙon samarinmu da ke sayen pregabalin ba takardar likita su ji tsoron Allah su ji tausayin kansu. Idan aka haɗa shi da tramadol ko maganin tari mai kodin, numfashi yana iya dannewa.

Sani_Zariya: Na gode Hajiya. Amma hakan ya dawo da mu tambayar Ummi ta wata ƙofa. Pregabalin na rage aikin ƙofofin kalsiyam, kuma ana ba da shi ga wasu masu farfaɗiya. Me ya sa shi bai kashe sakin GABA ba?

Dakta_Sambo: Sani, ba toshe ramin ƙofar yake yi ba, kuma nau'in alfa-2-delta da ya fi shahara da kamawa, na ɗaya, ya fi yawa a mahaɗun zuga a wurare da dama. Amma ka lura, ba kowace farfaɗiya yake yi wa magani ba. Farfaɗiyar ɗaukewar hankali, wadda yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙu yana tsakiyar magana sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru, gabapentin da pregabalin na iya ƙara mata ƙarfi. Ita ethosuximide ake ba ta, shi kuma ƙofar kalsiyam ta T yake ragewa a talamus, sashen tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke miƙa saƙo zuwa ɓawonta.

Anti_Ungozoma: Ni ba ɗalibar bincike ba ce, amma shekaruna a ɗakin haihuwa sun nuna min wannan abu da idona. Idan aka kawo mai ciki tana jijjiga, magnisiyam salfet muke yi mata. Daga nan ba ma barin gefen gadonta. A ɗaga ƙafarta a ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa a ga ko za ta harba, a ƙirga numfashi, a duba fitsarin da ya taru a leda. Idan gwiwa ta daina harbawa, ba a ƙara allura. Kuma kullum akwai kalsiyam gulukonet a kusa, shi ne makarinsa. Tun muna makaranta aka ce mana magnisiyam da kalsiyam kishiyoyi ne a bakin jijiya. Yanzu da na karanta bayanin Dakta na ƙara fahimtar dalilin.

Dakta_Sambo: Anti, Allah ya saka da alheri, abin da kike gani a gwiwar nan shi ne ainihin abin da Bernard Katz ya yi shekaru yana aunawa a tsokar kwaɗo a Landan. Magnisiyam na tsayawa a bakin ƙofa ya hana kalsiyam shiga, sai sakin saƙo zuwa tsoka ya ragu. Katz ya samu kyautar Nobel a 1970. A 1967 Dodge da Rahamimoff suka nuna cewa dangantakar ba ta ɗaya bisa ɗaya ba ce. Idan kalsiyam ya ninka biyu, saki yana iya ninkawa kusan sau 16. Idan ya ragu da rabi kuwa, abin da zai saura ɗan kaɗan ne. Ummi, ki riƙe wannan, domin shi ya sa yaron da kwafi ɗaya kawai cikin biyu na CACNA1A ya lalace masa yake iya shan wahala sosai.

Bello_Kurna: Ina da ja a nan. Idan ƙarancin kalsiyam na rage saki, me ya sa wanda kalsiyam ɗin jininsa ya faɗi yatsunsa ke ƙandarewa, har ya yi jijjiga? Mun ga haka ga marar lafiyar da aka yi wa aikin maƙoƙo.

Zainab_Lab: Malam Bello, wannan wata hanya ce daban. Kalsiyam da ke wajen ƙwaya yana lafewa a bangonta, yana sa ƙofofin sodiyam su yi nauyin buɗewa. Idan ya ragu, sai su riƙa buɗewa da ɗan abu kaɗan, jijiya ta yi ta bugu ba wanda ya aike ta. Matsalar can ta yawan bugu ce, ta Ummi kuma ta saki ce.

Amma ni abin da nake so in ƙara a kan maganar Dakta Sambo shi ne, nau'in ƙofa rabin labari ne. Sauran rabin tazara ce. A nan nake aikin digirina, kuma abin na burge ni har yau.

A wajen ƙwaya kalsiyam ya kai milimola 1 zuwa 2. A cikinta, idan tana hutawa, bai wuce nanomola 100 ba. Bambancin ya haura ninki 10,000. Da ƙofa ta buɗe sai ya afko, amma ba ya cika bakin jijiyar gaba ɗaya. Ku ɗauki kaskon turaren wuta. Wadda ta sunkuya a kansa hayaƙin na dukanta nan take da kauri, da an ɗauke kaskon kuma shi ke nan. Wadda ke can ƙuryar ɗaki sai an jima ƙamshin zai iso mata, siriri, amma zai daɗe yana yawo. Furotin da ke jin kalsiyam a jikin jaka, sinaftotagmin, a bakin masu PV yana dab da ƙofar. Ɗakin binciken Peter Jonas ya auna tazarar a 2008, nanomita 10 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Bayan shekara biyu suka nuna cewa ƙofofi uku ko ƙasa da haka sun isa su sa jaka ta zazzage. Shi ya sa GABA ɗinsu ke fita cikin ƙasa da milisakan ɗaya, ya tsaya cak. A bakin masu CCK tazarar ta fi haka, sai ka ga bayan jerin bugu ya wuce GABA na ci gaba da ɗiga har ɗaruruwan milisakan. Hefft da Jonas suka bayyana wannan a 2005.

To idan P/Q ta lalace a bakin mai PV, ko da N ta zo ta maye gurbi, ba lallai ta zauna a daidai inda waccan take ba. GABA zai fita, amma a makare, wani bugun ma ya wuce ba a saki komai ba. Dannewar da ta makara da milisakan biyu ko uku ta riga ta rasa amfaninta.

Sani_Zariya: Yaya Zainab, ta yaya ake auna nanomita 20 a cikin abu mai rai? Madubin ɗakin gwajinmu ko kusa ba zai gani ba.

Zainab_Lab: Ba gani ake yi ba, tsere ake haɗawa. Akwai sinadarai biyu masu cafke kalsiyam, EGTA da BAPTA. Ƙarfin riƙonsu kusan ɗaya ne, amma BAPTA, wanda Roger Tsien ya ƙirƙira a 1980, ya fi saurin cafka nesa ba kusa ba. Sai a zura siririn bututun gilashi a jikin ƙwayar a cika ta da ɗaya daga cikinsu, a jira ya isa bakinta, a sa wani bututun a ƙwayar da ke karɓa. Idan EGTA mai nawa ya iya rage saki, kalsiyam na yin doguwar tafiya kenan. Idan sai BAPTA kaɗai ke iyawa, tafiyar gajeriya ce. A masu PV, EGTA kusan ba ya taɓa komai. A masu CCK yana ragewa sosai.

Garba_Maradi: Salamu alaikum, ni karatu nake bi kawai. Amma yaya aka yi aka san wannan P/Q ce waccan N ce, tunda duk kalsiyam ke bi ta cikinsu?

Dakta_Sambo: Malam Garba, dafi ne ya raba gardama. Akwai dodon koɗin teku mai farautar kifi, Conus geographus. Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin da ke aiki a jami'ar Utah a Amurka, shi da ɗalibansa suka tace dafinsa suka samu wani ɓangare mai toshe N kaɗai. Wani gizo-gizon Amurka, Agelenopsis aperta, shi kuma dafinsa P/Q yake toshewa. Sai a ɗiga wannan a ga wane saƙo ya mutu, a ɗiga wancan a gani. Da haka aka nuna tun 1997 cewa mahaɗun GABA na hifokamfus wasu N suke bi wasu P. Daga dafin wani dodon koɗin, Conus magus, aka samo ziconotide, maganin ciwo mai tsanani da Amurka ta amince da shi a 2004, wanda ake zubawa a ruwan laka.

Maman_Abba: Ku yi haƙuri in katse ku. Ɗana yana da farfaɗiya tun yana shekara huɗu. Ina karanta maganarku gabana na faɗuwa. Shin rashin kalsiyam ne a jikinsa? In riƙa saya masa ƙwayar kalsiyam ko in ƙara masa madara?

Dakta_Sambo: Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ki kwantar da hankalinki. Abin da muke magana a kai ƙofa ce a jikin ƙwayar jijiya, ba yawan kalsiyam a abinci ba, kuma wannan tawayar ta gado ba ta da yawa. Farfaɗiyar yara a wajenmu ta fi zuwa daga wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai, wasu kuma ba a gano dalili. Ƙwayar kalsiyam ba za ta gyara ƙofa ba. Madara abinci ce mai kyau, ki ba shi, amma kada ki tsayar da maganinsa ko ki rage ba da sanin likitansa ba. Idan ana zargin kalsiyam ɗin jini, gwaji ne mai sauƙi.

Anti_Ungozoma: Maman Abba, ki riƙe maganar Dakta. Kuma idan abin ya tashi a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa.

Maman_Abba: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Bello_Kurna: Amin. Yaya Zainab, kin yi ta yabon masu PV. Su masu CCK da ƙofarsu ta N, jinkirin nan nasu aibi ne ko yana da amfani?

Zainab_Lab: Yana da amfani mana. Su ne masu sauraro. A bakinsu akwai makarɓar CB1 da yawa. Idan babbar ƙwayar da suke dannewa ta yi bugu sosai, kalsiyam ya taru a cikinta, sai ta ƙera wani sinadari mai maiƙo, 2-AG, ta aika da shi baya. Ya zauna a kan CB1, furotin G ya rabu, wani ɓangarensa ya je ya riƙe ƙofar N. Na 'yan daƙiƙu GABA ya ragu. Wato wadda ake dannewa ce da kanta ke cewa a sassauta mata. An ga alamar abin tun farkon shekarun 1990, amma sai a 2001 Wilson da Nicoll da wasu masu bincike a Japan suka gano cewa ɗan aiken sinadari ne na jiki mai kama CB1. Masu PV ba su da CB1, ba ruwansu da wannan roƙo.

Sani_Zariya: CB1 ba ita ce wadda wiwi ke kamawa ba?

Zainab_Lab: Ita ce. Bambancin shi ne na jiki a mahaɗa ɗaya yake aiki na ɗan lokaci, sinadarin wiwi kuwa ko'ina yake zama na sa'o'i, har da bakin masu gulutamet. Hifokamfus kuma nan ake ɗaura sabon abin tunawa.

Likita_Yakubu: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Duk wanda ke son ganin abin da rashin sakin dannewa ke yi, ya tuna jaririn da tetanus ya kama ta cibiya. Baki ya ƙulle ya kasa kama nono, baya ya lanƙwashe, ƙaramin motsi ko haske ya tayar da ƙandarewa. A can ƙofar kalsiyam lafiyarta ƙalau. Dafin ne ke hawa ta jijiya zuwa laka, ya shiga ƙwayoyin GABA da na gilaisin, wanda shi ma sinadarin dannewa ne, ya datse furotin sinaftobirebin da jaka ke mannewa da shi. Kalsiyam na shiga, jaka ba ta zazzagewa. Allurar rigakafi ga mai ciki da tsaftar yankan cibiya sun isa su hana wannan.

Amma game da tambayar Ummi, ban gamsu cewa masu PV sun gama bayani ba. Ɗakin binciken Jeffrey Noebels ya cire P/Q daga ƙwayoyin zuga na shimfiɗa ta shida ta ɓawon ƙwaƙwalwa kaɗai, masu aika saƙo zuwa talamus, a 2016. Ba a taɓa ƙwayar GABA ko ɗaya ba, amma ɓerayen suka yi farfaɗiyar ɗaukewar hankali, ƙofar T kuma ta ƙara ƙarfi a talamus. To ina labarin PV a nan?

Dakta_Sambo: Gaskiya ne Likita, kuma aikin ingantacce ne. Amma su waɗannan ƙwayoyin na shimfiɗa ta shida, cikin waɗanda suke zugawa har da ƙwayoyin GABA da ke lulluɓe da talamus. Ka rage musu zuga, ka taɓa dannewa ta bayan gida.

Likita_Yakubu: Wannan fassararka ce, ranka ya daɗe. Ni abin da na gani shi ne hanyoyi daban-daban na kaiwa ga ciwo ɗaya. Kuma duk ɓeraye ne. Yaron da ke gabana a asibiti ƙofar ta raunana a kowace ƙwaya ta jikinsa lokaci guda, har da ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, waɗanda su ma GABA suke saki kuma daga sunansu aka samo harafin P ɗin. Shi ya sa yake tangaɗi idan yana tafiya.

Hauwa_Famasi: Kuma ba kowace tawayar CACNA1A ce ke raunana ƙofar ba ko? Na tuna akwai mai ƙara mata ƙarfi.

Zainab_Lab: Akwai, Hajiya. Ita ce ke kawo ciwon ɓarin kai na gado mai shanye rabin jiki na ɗan lokaci, an danganta shi da wannan ƙwayar gado a 1996. Kuma a nan ne abin ya ƙara rikicewa. Daniela Pietrobon a Padova ta Italiya ta auna ɓerayen da aka sa wa irin wannan canji. Sakin gulutamet ya ƙaru. Sakin GABA daga masu saurin bugu, waɗanda muka ce da P/Q suke rayuwa, bai motsa ba. Ƙwayar gado ɗaya, canji ɗaya, amma a baki ɗaya ya yi tasiri a ɗayan bai yi ba.

Ummi_Aji3: To Yaya Zainab, idan ƙofar ta yi rauni masu GABA ne suka fi faɗuwa, idan ta yi ƙarfi masu gulutamet ne suka fi tashi. Ta ko'ina zuga ce ke cin riba. Shin tazarar nan ta nanomita 20 ce ta sa mai jin kalsiyam ya riga ya ƙoshi, ƙari ba ya ƙara masa komai?

Zainab_Lab: Wasu za su ce haka. Amma mutanen Padova sun fi karkata ga cewa P/Q ɗin da ke cikin masu GABA ba daidai take da ta masu zuga ba, ko dai an yanka saƙon gadon ta wata siga, ko abokan zamanta na gefe sun bambanta, har canjin bai sauya yadda take buɗewa ba. Ni na fi karkata ga nasu, domin ko a jikin ƙwayar, nesa da jakunkuna, sun ga wutar kalsiyam ɗin ba ta sauya ba.

Likita_Yakubu: Idan haka ne, sunan P/Q da muke ta kira kamar abu ɗaya ne ya rufe ƙofofi da yawa. Dakta Sambo, a gwajin 2013 da ka kawo, masu somatostatin da suka tsira, da wace ƙofa suka ci gaba da saki?